AQ-10: Gwajin galahanga na minti biyu, da matan da yake tsallakewa

AQ-10 takarda ce mai shafi ɗaya da tambayoyi goma, kuma kyauta ake sauke ta. Cibiyar Binciken Otizim ta Jami'ar Kambirij da ke Ingila ce ta fitar da ita a shekarar 2012, aikin Carrie Allison da Bonnie Auyeung da Simon Baron-Cohen. Manufarta ita ce likitan da ke da dogon layi a bakin ƙofa ya iya gane wanda ya kamata a tura wa ƙwararru su duba ko yana da otizim, lalurar da kafafen labaranmu ke kira galahanga. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta saka ta cikin jagoranta na kula da manya a 2012 ɗin, daga nan kuma ta bazu. Yau shafukan intanet barkatai sun kwafe ta. Mutum ya danna amsoshi a waya, kafin shayi ya huce lamba ta fito.

Hukuncinmu tun daga farko: idan takardar ta ce a tura mutum, a tura shi. Idan ta ce babu komai, kuma mai amsawar mace ce baliga wadda ta iya magana da zama da mutane, kada a rufe fayil. Dalilin yana cikin yadda aka gina gwajin da kuma waɗanda aka gina shi a kansu.

Cikewa da lissafin maki

Kowace tambaya jimla ce da mutum zai auna kansa da ita, da zaɓi huɗu: na yarda ƙwarai, na ɗan yarda, ban cika yarda ba, ban yarda ba sam. Babu tsaka-tsaki. Ta ɗaya tana kan jin ƙananan sautuka da wasu ba sa lura da su. Ta biyu kan kallon abu gaba ɗaya maimakon ƙananan sassansa. Ta uku da ta huɗu kan yin ayyuka biyu a lokaci guda da komawa bakin aiki bayan an katse mutum. Ta biyar da ta shida kan gane abin da ke ƙarƙashin magana da gane cewa mai sauraro ya gaji. Ta bakwai kan wahalar gane nufin mutanen cikin labari, ta takwas kan sha'awar tara bayanai game da nau'o'in abubuwa, ta tara kan karanta fuska, ta goma kan wahalar gane niyyar mutane.

Ana ba da maki ɗaya idan mutum ya yarda da ta 1, 7, 8 da 10, da maki ɗaya idan bai yarda da ta 2, 3, 4, 5, 6 da 9 ba. Ƙarfin yardar ba ya canza komai: "ƙwarai" da "ɗan" duk maki ɗaya ne. Wanda ya samu 6 ko fiye, a tura shi.

Kurakurai uku ne suka fi yawa a hannun masu lissafi. Wani ya ƙirga duk inda aka ce "na yarda" a matsayin maki, ya manta shida daga cikin tambayoyin a juye suke. Wani ya ba "ƙwarai" maki biyu. Wani kuma ya miƙa wa yarinya 'yar shekara 13 takardar manya, alhali ta manya daga shekara 16 ce. Akwai ta 'yan shekara 12 zuwa 15 da ta yara 'yan 4 zuwa 11, waɗanda iyaye ke cikewa, kuma tambayoyinsu daban ne. Ita kanta NICE ba ta tsira ba. Jagoranta na 2012 ya rubuta "sama da shida", wato 7, maimakon "shida ko fiye". Sai a 2021 masu bincike daga Jami'ar Bath suka nuna kuskuren aka gyara. Duk wanda ke riƙe da tsohon kwafi ya duba wannan layin, don shekara tara ba nan kusa ba ne, kuma kwafe-kwafen intanet ba duka suka bi gyaran ba.

Abin yabo a bayyane yake. Ba ta cin kuɗi, ba ta cin lokaci, ba sai an yi kwas ba kafin a yi amfani da ita, kuma tana sa likitan da bai taɓa tunanin galahanga a jikin babban mutum ba ya tsaya ya yi tunanin. A binciken da ya haife ta, ta kamo kashi 88 cikin 100 na manyan da aka riga aka tabbatar suna da lalurar, ta kuma wanke kashi 91 cikin 100 na waɗanda ba su da ita. Lambobi ne masu kyau. A dai riƙe wannan: "waɗanda aka riga aka tabbatar".

A jikin wa aka auna rigar?

An tsamo tambayoyin goma ne daga uwar gwajin, AQ mai tambaya 50 da aka buga a 2001. Waccan tana da sassa biyar, kowanne da tambaya goma, sai aka zaɓi bibbiyun da suka fi raba masu lalurar da sauran jama'a. Manya masu galahanga da aka gwada AQ ta 2001 a kansu su 58 ne: maza 45, mata 13. An kwatanta su da mutum 174 daga cikin jama'a, da ɗaliban Kambirij 840, da zakarun gasar lissafi ta Birtaniya su 16.

Mata 13 sun yi kaɗan, wannan kowa ya gani. Abin da ba kowa ke lura da shi ba shi ne makinsu. Goma sha biyu daga cikinsu sun kai maki 32 da aka sa a matsayin iyaka, wato kashi 92 cikin 100, alhali a mazan kusan kashi 76 ne. Mai karatu cikin gaggawa zai ce to ai gwajin ya fi kama mata. Amma a tambaya: wace mace ce ta samu takardar likita mai cewa tana da galahanga a Ingila ta shekarun 1990? Wadda alamunta suka fito fili har likita mai neman kamannin maza ya kasa kau da kai. Matan da suka shiga binciken su ne waɗanda suka riga suka wuce ta cikin rariyar maza. Sauran ba a gayyace su ba, don babu wanda ya san da su. Tela ne ya auna maza da 'yan mata kaɗan masu faɗin kafaɗa, ya ɗinka riga, ya ce ta kowa ce.

Rariyar kuwa tsohuwa ce. Leo Kanner a Baltimore ta Amurka ya bayyana yara 11 a 1943, takwas maza, uku mata. Hans Asperger a Biyana ta Ostiriya ya yi cikakken bayanin yara huɗu a 1944, dukansu maza, ya kuma rubuta cewa wannan hali matsanancin nau'i ne na basirar namiji. Wata likita a Mosko, Grunya Sukhareva, ta riga su da kusan shekara ashirin: ta bayyana yara maza shida a 1925, ta biyo da bayanin 'yan mata a 1927, amma aikinta ya daɗe ba a waiwaye shi ba a ƙasashen Yamma. Daga bayanan Kanner da Asperger aka gina ƙa'idojin ganewa, da ƙa'idojin aka zaɓi marasa lafiya, da marasa lafiyar aka gina gwaje-gwaje, gwaje-gwajen kuma suka dawo suna tabbatar da cewa lalurar ta maza ce. A 2002 Baron-Cohen da kansa ya fito da ra'ayin da ya yi suna, cewa galahanga ƙwaƙwalwar namiji ce da ta kai maƙura: ƙarfi wajen gane tsarin abubuwa, rauni wajen gane zukatan mutane. Ra'ayi ne da ake ta muhawara a kai har yau, amma dole mai amfani da takardar ya san daga gidan da ta fito.

A 1988 masana halayyar ɗan'adam biyu, Rachel Hare-Mustin da Jeanne Marecek, sun kasa karkatar jinsi a bincike gida biyu: ko dai a zuzuta bambancin maza da mata, ko a yi kamar babu shi. AQ ta taka duka biyun. Ra'ayin da ke bayanta ya zuzuta bambancin, sannan takardar ta ba maza da mata iyakar maki ɗaya, duk da cewa a binciken 2001 matsakaicin makin maza marasa lalurar 17.8 ne, na mata 15.4. Mace tana fara tseren daga baya, layin ƙarshe kuma ɗaya ne.

Shekara da shekaru ana cewa duk mace ɗaya mai galahanga akwai maza huɗu. A 2017 Rachel Loomes da abokan aikinta a Landan sun tattara bincike 54. A inda aka ƙirga waɗanda asibiti ya riga ya gano kawai, maza sun ninka mata fiye da sau huɗu da rabi. A inda masu bincike suka fita cikin jama'a suka tantance yara da kansu, adadin ya sauko zuwa kusan uku da ɗaya. Wannan giɓin 'yan mata ne da ke da lalurar amma ba su da takarda. Wani binciken tagwaye a Birtaniya a 2012 ya nuna yadda abin ke faruwa: yarinya da yaro masu alamu daidai, yaron ya fi samun ganewa, sai fa idan yarinyar tana da ƙarin matsalar koyo ko ta fitina da za ta sa manya su juyo.

Inda makin ke zubewa

A duba tambaya ta takwas da kyau. Misalan da aka rubuta mata su ne nau'o'in mota, tsuntsu, jirgin ƙasa da tsirrai. Mace ta karanta, ta ga ba ruwanta da jirgin ƙasa, ta sa alama a "ban yarda ba". Amma ita ce wadda ta haddace sunan kowane zanen atamfa da shekarar fitowarsa, ko ta san salsalar kowane gida a unguwa har kaka na huɗu, ko ta karanta littafi ɗaya har bangonsa ya cire, kuma idan aka taɓo zancen ba ta iya tsayawa. Abin da likita ke nema shi ne zurfin shaƙuwar da yadda take cinye lokaci da hankali, ba abin da aka shaƙu da shi ba. Sha'awar 'yan mata masu galahanga kan faɗa kan mutane, dabbobi, labarai da ado, abubuwan da ba sa ɗaga wa kowa gira. Maki ɗaya ya tafi.

Sai tambayoyi na 5, 6, 9 da 10, masu auna karanta mutane. Nan ne babbar ɓarakar. Mata da yawa masu lalurar sun shafe shekaru suna koyon zama da mutane kamar darasin makaranta. Sun lura cewa idan mai sauraro ya duba waya sau biyu, ya gaji. Sun koyi kallon tsakanin girar mutum don a ɗauka ido suke kallo. Suna shirya jimlolin hira tun kafin su fita, suna kwaikwayon dariyar wata ƙawa. Takardar tana tambaya ko mutum na iya gane gajiyar mai sauraro. Ba ta tambaya ta yaya, ko nawa abin ke ci. Matar ta amsa da gaskiyarta cewa tana iyawa. Yanzu a yi lissafi: maki huɗu sun tafi a nan, ɗaya ya tafi a ta takwas, saura biyar. Ko da ta cinye duk sauran tambayoyin, ba za ta kai 6 ba.

Wannan ɓoye alamu ba kyauta ba ne. Bincike ya danganta shi da matsananciyar gajiya, fargaba da baƙin ciki mai tsanani. Shi ya sa mata da yawa ke shiga asibiti ta wata ƙofar, a rubuta musu ciwon damuwa, ko matsalar cin abinci, ko rikicewar ɗabi'a, a yi ta canza magani, ba a taɓo tushen ba.

Adalci ya sa a faɗi abin da ke gefen takardar. A 2017 Aja Murray da abokan aikinta, ciki har da waɗanda suka ƙirƙiro gwajin, sun bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya don ganin ko suna fifita wani jinsi. Sun samu biyu da suka karkata, ɗaya gefen maza, ɗaya gefen mata, har suka soke juna, suka kammala cewa jimillar makin ba ta da karkatar a zo a gani. Aiki ne mai inganci, kuma ya kore zargin cewa kalmomin tambayoyin kansu makirci ne. Abin da irin wannan lissafi ba zai iya gani ba shi ne tambayar da ba a yi ba. Idan babu ko layi ɗaya kan ɓoye alamu, ko kan halin da mutum ke shiga bayan taro, to babu abin da za a auna karkatarsa.

Rauninta kuma bai tsaya kan mata ba. A 2016 Karen Ashwood da abokan aikinta sun bi manya 476 da aka tura wata babbar cibiyar tantancewa a Landan, suka kwatanta makin AQ da hukuncin ƙwararru. Kashi 64 cikin 100 na waɗanda makinsu bai kai iyaka ba, an same su da galahanga. A ɗaya gefen, ciwon fargaba na iya kumbura makin wanda ba shi da lalurar. Masu binciken Bath kuma sun nuna a 2020 cewa tambayoyin goma ba sa tafiya tare yadda ya kamata idan aka raba wa jama'a gama-gari. Don haka ɗalibin da ke shirin raba AQ-10 ga mutum ɗari uku don kwatanta maza da mata a aikin digirinsa ya sake shawara. Ba don wannan aka yi ta ba.

Idan mai amsawar Bahaushiya ce

An rubuta takardar ne da Turanci domin masu karatu a Ingila. A wurinmu sau da yawa ma'aikacin lafiya ne zai karanta yana fassarawa da baki, kuma kowane da tasa fassarar. Tambaya ta biyar karin magana ce ta Turanci; wanda ya fassara ta kalma da kalma zai samu amsar wata tambayar daban. Abin da ake nufi shi ne gane habaici da shaguɓe da maganar da aka yi a lulluɓe. Ta bakwai ta ɗauka mutum na karanta ƙagaggun labarai. A mayar da ita kan fim ko wasan kwaikwayon rediyo idan ya cancanta. Uwar gwajin mai tambaya 50 ta fi nisa da mu, don har tana tambaya ko mutum ya fi son gidan wasan kwaikwayo a kan gidan tarihi. Ƙa'idar fassara sananniya ce: mutum biyu su fassara kowa daban, a daidaita, na uku da bai ga asalin ba ya mayar Turanci, a gwada a kan mutane kaɗan a ji yadda suka fahimta. Ko an yi haka, lambar 6 a jikin mutanen Ingila aka samo ta, a riƙe ta a matsayin manuniya kawai.

Sannan tarbiyyarmu tana ƙara wa yarinya wani mayafin. Sunkuyar da kai da kauce wa ido kunya ce, abin yabo. Wadda ba ta fita, ba ta da ƙawaye, ana cewa yarinyar kirki ce, ba ruwanta da kowa. Gaisuwarmu tana da tsari da jeri, ina kwana, ina gajiya, yaya gida, yaya yara, wanda mai kaifin hadda za ta riƙe tsaf ta wuce minti biyar na farko babu wanda ya lura da komai. Abin kan fito ne daga baya, lokacin da nauyin zumunci ya hau kanta: biki, suna, barka, gaisuwar mutuwa, zama da dangin miji, gida cike da hayaniya babu ɗakin da za ta keɓe. Sai a ce miskila ce, ko girman kai gare ta, wani lokacin a ce iska ce ta taɓa ta.

Ga abin da muke ba ma'aikacin lafiya shawara. A keɓe da ita. Amsar da za ta bayar a gaban miji ko uwar miji ba tata ba ce. Idan da baki ake yi, a fara da e ko a'a, tunda lissafin ma bai damu da ƙarfin yardar ba. Bayan kowace tambayar karanta mutane a ƙara guda: "Malama, wannan da kansa yake zuwa miki, ko koya kika yi?" A ta takwas a ajiye jirgin ƙasa a ce: "Akwai abin da idan kika shiga cikinsa sai ki manta da abinci?" A tambayi abin da takardar ta kusa mantawa, wato jiki: ƙarar injin niƙa, ƙaiƙayin leshi, warin turare a ɗaki rufe. A kuma tambaya: "Idan kika dawo daga biki, yaya kike kwana?" A rubuta amsoshin a bayan takardar. Sau da yawa bayan ya fi gaban amfani.

Akwai gwajin da aka yi musamman don cike wannan gurbin: CAT-Q, na Laura Hull da abokan aikinta a Landan, wanda aka buga a 2019. Tambaya 25 ce, kowace da mataki bakwai, maki daga 25 zuwa 175, tana auna dabarun rufe giɓi, ɓoye alamu da sajewa cikin mutane. Ita ma kyauta ce, kuma ba ta wuce minti goma. Ba ta tabbatar da lalura, kuma mai tsananin fargabar shiga jama'a na iya samun maki mai yawa, amma ƙaramin makin AQ-10 tare da babban makin CAT-Q dalili ne isasshe na turawa gaba.

A can gaban ma a buɗe ido. ADOS-2, gwajin kallo na minti 40 zuwa 60 da ƙwararru ke yi ido da ido, shi ma daga wannan tarihin ya fito. Wani bincike a jami'ar MIT ta Amurka a 2022 ya gano cewa idan aka sa shi a matsayin sharaɗin shiga bincike, yana zubar da matan da likitoci suka riga suka tabbatar fiye da ninki biyu da rabi na yadda yake zubar da maza. Wato har yau ana rage mata a binciken da za a gina gwaje-gwajen gobe a kansa. Tabbatarwa aikin likitan ƙwaƙwalwa ne ko masanin halayyar ɗan'adam na asibiti, da dogon tarihi tun daga yarinta, a wurare irin su sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Kware da Maiduguri. Mai zuwa ta tafi da takardun sakamakon firamare idan suna nan, musamman wurin da malamai ke rubuta ra'ayinsu kan hali, ta kuma tafi da wadda ta san ta kafin shekara biyar, uwa ko yaya ko goggon da ta rene ta, domin ƙa'idar ganewa tana buƙatar shaidar cewa alamun sun fara tun tana ƙarama.